Ranar da Na Tara wa Jikata Dangi a Shafin Makaranta

Tun safe jikata Hafsatu ke danna waya. An fitar da sunayen waɗanda makarantar jinya ta ɗauka, amma shafin ya ƙi buɗewa.

Don in taimaka, na buga wa danginmu na Auyo da Kaugama, na ce kowa ya yi ta gwadawa.

Ta dafe kai. "Haba tsoho! Na'urar nan kamar kwalekwalen fito take, akwai iyakar mutanen da take ɗauka lokaci guda. Kai kuma ka ƙaro mata lodi!"

Na ce, "To amarya, bari in sauke su."

Bayan la'asar shafin ya buɗe. Ni da na koyi karatu da furfura a ajin yamma, da bakina na karanto sunanta!

Jama'a, ku sa mata albarka.