Kaumi Bai Ƙara Ruwa Ba

A unguwarmu ta Yerimaram, in koko ya zo tsararo ba a cewa ya yi ruwa. Sai a ɗaga ludayi a tsiyayo, a ce, "Yau kuma Kaumi ne ya dama?" A bakin mai kokon layinmu na fara jin sunan, na kwaso shi na kai gida ina murna na koyo magana. Kakata Yakaka ba ta doke ni ba. Ta kama hannuna ta kai ni ɗakin da ke bayan turken awaki, inda tsohon nan mai rawar hannu yake zaune, wanda muke kira Kaka Babba, ta ce in na isa in maimaita a gabansa. Shi ne Kaumi, yayanta uwa ɗaya uba ɗaya.

A ƙarshen zamanin Turawa Kaumi ya bar dako a kasuwar shanu, aka ɗauke shi lebura a wajen duba-gari. Aka ba shi kaki da famfon feshi na goyawa a baya, aka nuna masa yadda ake auna farar hoda daga duro a dama da ruwa. A lokacin kuɗin cizo ya gagari Potiskum. In bazara ta yi, mata su fito da gadajen kara su kwara musu tafasasshen ruwa, bangon kowane ɗaki kuwa duk zane-zanen jini inda aka murƙushe su da yatsa. Jarirai ba barci, iyaye ba barci.

Shekarar farko abin kamar tsafi. Ɗakin da Kaumi ya shiga da hantsi, washegari sai a share ƙwarin da tsintsiya kamar an zubar da 'ya'yan yakuwa. Daga unguwar Bolewa har Hausari ana rububinsa, wannan gida goro, wancan ƙwaryar fura. Tsofaffi suna sa masa albarka a hanya. A shekarar ya auri Meram, aka ce ta yi dace, ta samu mijin da ƙuda ma ba ya ratsa ɗakinsa.

Wanda ya fi kowa jansa a jiki shi ne Babaji, fatoma a Hausari, mai saukar fataken shanu. Ɗakunan baƙinsa ba sa rabo da mutane, don haka ba sa rabo da feshi. Duk zagayen da Kaumi zai yi, da su yake farawa, wani lokaci ya ƙare da su. A can kuma ƙwarin suka fara dawowa. Da fari jifa-jifa, sannan suka cika tsagar bango kamar ba a taɓa yi ba. Kaumi ya fesa, ya koma ya sake, da safe baƙi suka fito suna susa.

Babaji ya zauna a ƙofar gidansa bayan la'asar ya yi wa majalisa lissafi. Duro dai shi ne, famfo shi ne, mutum shi ne, to me ya sauya? Ruwa ba ya tsami banza. Ya ce Kaumi yana kwasar hoda ya sayar a ƙauyuka, ya cike gurbin da ruwan rijiya. Kafin Juma'a ta zagayo maganar ta gama gari. Malam Basiru, shugaban leburori, ya sa Kaumi ya dama a gaban jama'a, awo bisa awo. Aka fesa, ƙwarin ba su mutu ba. Sai aka ce ai tun a duro ya gauraya da alli.

Abin da ya fi cin Kaumi shi ne shi kansa bai san amsar ba. Ya san hannunsa, ya san bai ɗauki ko cikin cokali ba, amma ga ƙwari suna yawo a kan bango magani bai ko bushe ba. Da ya je ta'aziyya ƙauyen dangin uwarsa, inda famfo bai taɓa zuwa ba, sai ya tafi da ragowar maganin da ya dama ranar a kwalba, ya yayyafa a ɗakin da aka sauke shi. Da safe ba wanda ke motsi. Ya tsuguna yana juya su da tsinke. Magani na nan da ƙarfinsa. Ƙwarin gari ne suka zama wani abu dabam.

Tun yana yaro yake kallon 'yan tauri a kasuwa suna goga wuƙa a ciki ba ta kama su, an kuma ce jiƙo suke sha kaɗan-kaɗan har jiki ya ƙi ƙarfe. Sai ya ce wannan ne. Ƙwarin Hausari sun sha magani har sun yi tauri. Daga nan ya yanke wa kansa hukunci biyu. Na farko, zai ƙara hoda har ta fi ƙarfin taurinsu. Na biyu, tunda ƙwaro ma yana sabawa, mutum da ya fi shi jini da tsoka ai ya fi shi sabawa.

Ana cikin haka aka kawo sabon magani mai kaifi, aka ce a ɗaure hanci da ƙyalle, a wanke hannu da sabulu, kada a ci goro a bakin aiki. Kaumi ya ajiye ƙyallen. Da hannu yake damawa har gwiwar hannu, ya yi kauri kamar kunu, ya shiga ɗaki ya ja ƙofa ya yi ta fesawa har idonsa ya rufe. In kansa ya sara sai ya ce jiƙon ne ke shiga. Kajin Meram suka tsattsagi ƙasa inda take wanke kakinsa, suka mutu. Kyanwar gidan ta bi su. Meram ta roƙe shi ya bar aikin ya koma dako, ya ce in ya bari yanzu ya amsa sunan ɓarawo ke nan.

Yakaka ta zo ta same shi yana dama.

"Ya Kaumi, dubi hannunka. Rawa yake."

"Sabo ne. Kwana kaɗan zai daina."

"Kajin ma sabo suke yi?"

Ya ci gaba da damawa. Sabon maganin ya yi aiki damina ɗaya, mutane suka fara sassautawa, wasu har suka koma gaishe shi. Da bazara ta zagayo ƙwarin suka dawo ɗakunan Babaji.

A tsakar gidan Babajin ya faɗi, da rana tsaka, famfo a bayansa. Jiki na jijjiga, kumfa a baki, fatake suka ja da baya suna salati. Ba wanda ya taɓa shi sai da Yakaka ta iso da gudu ba mayafi. Kafin a kai shi gida gari ya gama fassara: alhakin jama'a ne ya kama shi.

Da ya samu ya miƙe, ya ɗauki gwangwani biyu ya tafi wurin Malam Basiru, ɗaya da ƙwarin Hausari, ɗaya da waɗanda ya sa aka kamo masa daga ƙauye. Ya roƙi a ɗiga musu magani ɗaya a gani. Ya ba da labarin ta'aziyya da kwalba. Malam Basiru ba mugu ba ne, amma mutane na tsaye, Babaji na cikinsu.

"Kun ji da bakinsa," in ji Babaji. "Ya kai maganin ƙauye."

Ba a buɗe gwangwanayen ba. Aka karɓe kaki da famfo. Meram ta daure damina biyu tana jin yara na waƙa da sunan mijinta a bakin rijiya, sannan ta nemi ya sawwaƙe mata, bai hana ba. Faɗuwar ta ragu da shekaru, rawar hannun ba ta bar shi ba har kabari. Wanda aka ɗauka a gurbinsa shi ma ƙwarin ba su mutu a hannunsa ba, amma shi ba a yi masa waƙa ba. An riga an samu mai laifi.

Ina aji huɗu a sakandare malamarmu ta ilimin halittu ta zana mana yadda ƙwari ke gagarar magani a allo, tana misali da sauro. Ta ce ƙwari ba duka ɗaya aka halicce su ba. A cikin tarinsu akwai 'yan ƙalilan da tun daga ƙwai jikinsu ke jure dafin. Feshi ya kashe saura, ya bar musu ɗakin su kaɗai, su hayayyafa, 'ya'yansu su gado su. Inda aka fi fesawa, nan aka fi tace su. Ba wanda ya koyi komai, ba wanda ya saba; masu rauni ne suka ƙare. Ta ce an gwada haka a ƙasashe da dama, yana cikin hujjojin da masana ke kafawa cewa halittu na sauyawa daga zuriya zuwa zuriya. Na tuna ɗakunan Babaji da aka fi kowane ɗaki fesawa. Na tuna hannun da ke shiga ruwan magani har gwiwa, yana jiran taurin da ba zai zo ba, don mutum ɗaya ba zuriya ba ne. Na kifa kaina a kan tebur. Kaka Babba ya rasu tun ina aji biyu.

Ranar da zan fara tafiya makarantar, Yakaka ta kai ni in yi masa sallama. Ya yi min wasan da ya saba, ya ce amaryarsa za ta gudu ta bar shi da tsohuwa. Ya so ya dafa kaina, hannun ya ƙi tsayawa, sai ya riƙe shi da ɗayan.

"Amarya, an ce a can ana karanta har ƙwari. Ki tambayar min me ya hana su mutuwa. In kin samu ba ni za ki kawo wa ba, ni na san abin da na dama. Ki je Hausari, ƙofar gidan Babaji, bayan la'asar in mutane sun taru. Ki faɗa musu a can."