Hayaƙin da Kofur Badaru Ya Shaƙa

A ƙauyenmu, gabas da Ɗanbatta, gonaki a manne suke da juna, har mutum yana iya tsayawa a tasa ya yi hira da maƙwabcinsa ba tare da ya ɗaga murya ba. Da mahaifin Badaru ya rasu, gona ɗaya ya bar wa 'ya'ya maza biyar. Abin da ya zo hannun Badaru bai wuce noman yini biyu ba. Shi ya sa ya shiga soja yana da shekara ashirin da biyu. Dogo ne a lokacin, mai ƙarfi, yana saɓa buhun gero shi kaɗai ya kai rumbu.

Ya yi aiki a wurare da dama, amma shekara uku da ya yi a kudu, cikin surƙuƙin ruwa inda ake haƙo mai, su ne suka canza rayuwarsa. A can akwai masu fasa bututu su saci ɗanyen mai, su dafa shi a tankunan ƙarfe cikin daji, su fitar da kalanzir da gas. Aikin su Badaru shi ne su bi ruwa da ƙaramin jirgi, su nemo wuraren nan, su banka musu wuta. Su tara ne a jirginsu. Idan sun cinna wutar ba sa tafiya, domin umarnin shi ne su tsaya har komai ya cinye, kada masu wurin su dawo su kashe ta. Wani lokacin yini guda suke yi a gindin hayaƙi. Ba a ba su takunkumin rufe hanci ba. Hankici suke jiƙawa su ɗaura, kafin azahar ya koma baƙi ƙirin. Ya ce har abincin da suke ci warin kalanzir yake yi, yawun da suke tofarwa kuma kamar an dama gawayi. Wata rana ƙafarsa ta zame ya faɗa ramin da ake zubar da dagwalon mai, ya nutse har ƙirji. Da fetur abokansa suka wanke masa jiki, don sabulu ya kasa.

Tarin bai fara nan take ba. Sai bayan an sauya masa wurin aiki da shekara biyu ya lura ba ya iya gudun safe da sauran sojoji. Aka yi ta ba shi maganin mura. A ƙarshe aka sallame shi yana da shekara arba'in da ɗaya, da muƙamin kofur, ya dawo gida da matarsa Hure da 'ya'yansu mata biyu.

Daminar farko ya ce zai shuka gyaɗa. Mun gan shi yana huɗa: ya yi kunya uku, ya dafa garma, ya sunkuya yana neman numfashi. Hayaƙin girki ma ya gagare shi, sai da Hure ta kwashe murhunta ta kai bayan gida. Mutane suka fara cewa tarin fuka ne. Ba wanda ya faɗa masa a fuska, amma mai shayi ya ware masa kofi, a masallaci kuma wanda ya tsaya kusa da shi yakan ɗan ja jiki. Badaru ya gane, sai ya koma yin salla a ƙarshen sahu, daf da ƙofa.

Hure ce ta matsa masa suka tafi wani asibiti a Kano. Aka gwada majinarsa, aka ɗauki hoton ƙirjinsa. Likitan ya daɗe yana kallon hoton.

"Ba tarin fuka ba ne," in ji shi. "Malam, kana shan taba?"

"Ban taɓa sa ta a bakina ba, likita."

"To wane aiki ka yi?"

Badaru ya ba shi labarin wutar da ramin. Likitan ya ajiye biro ya ce huhun ya yi tabo, kuma tabon ba ya gogewa. Magani zai rage wahala ne kawai. Ya rubuta masa takarda, ya ce ya kai ofishin da ke kula da tsofaffin sojoji, ko za su ɗauki nauyin jinyarsa.

Sau huɗu ya je ofishin kafin a nemo fayil ɗinsa. Jami'in da ya duba ba mugu ba ne, har kujera ya ba shi.

"Kofur, abin da aka rubuta a nan sintiri ne a ruwa. Babu maganar wuta, babu rahoton ka faɗa rami."

"Yallaɓai, wa zai rubuta? Kullum aikin ke nan."

"Na yarda da kai. Amma kwamiti takarda yake gani. Ka samo wanda kuka yi aikin tare ya ba da shaida."

Ya dawo gida ya zauna da wayarsa yana neman mutanen jirginsu. Biyu sun mutu a fagen daga, wannan ya sani. Ya kira lambar wani, matarsa ta ɗauka ta ce bara ya rasu, ciwon ƙoda. Wani yana aiki har yanzu, ya ce ba zai iya sa baki ba. Sauran lambobin ba sa shiga. Daga ƙarshe ya ji labarin Mika'ilu, wanda yake tuƙa musu jirgin, yana zaune a unguwar Bacirawa a Kano.

Ya hau motar haya ranar Laraba. Ya sami Mika'ilu kwance kan tabarma a soro, ya rame har Badaru ya yi sallama sau biyu kafin ya tabbata shi ne. Sankarar jini aka ce masa, duk bayan makonni sai an ƙara masa jini. Suka gaisa, suka ɗan yi dariyar yadda kowa ya koma.

"Zan ba ka shaida," in ji Mika'ilu. "Hannuna ba ya riƙe biro, amma kunna wayarka."

Ya yi magana kusan rabin awa, ya faɗi sunansa da lambarsa da wuraren da suka ƙona. Da Badaru ya kashe wayar, Mika'ilu ya juya fuska ga bango.

"Ka tuna ƙauyen nan na masunta, inda iska ta juya?"

"Na tuna."

"Kwana biyu hayaƙin yana kansu. Wata mata ta zo bakin ruwa da jariri tana yi mana magana da yarensu, muka ce ta koma. Mu shekara uku muka yi muka taho. Su can suke sha, can suke wanka."

Badaru ya yi masa sallama ya kamo hanyar gida. Hure ta ce da ya dawo ranar bai ci tuwo ba, kuma daga nan ya fara sa mutanen ƙauyen nan a addu'a, ko sunan garin bai iya faɗa daidai ba.

Ya kai shaidar ofis. Aka ce murya ba ta isa ba, sai mai shaidar ya zo da kansa ya sa hannu. Kafin a sa musu rana Mika'ilu ya rasu. Badaru ya je ta'aziyya, ya sake komawa ofishin sau ɗaya, aka ce masa kwamiti zai duba idan ya zauna. Bai ƙara zuwa ba, domin matakalar benen ofishin ta fi ƙarfinsa.

Ya bar wa yayansa Ja'afaru gonar ya riƙa nomawa. Shi kuma ya koma zama a inuwar darbejiya a ƙofar gida, yana ɓare wa Hure gyaɗar da take yin ƙuli-ƙuli. Maganarsa ta koma guntu-guntu, kalma uku sai ya huta. Waɗanda suka guje shi da farko suka dawo suna zama wurinsa, bai taɓa tuna musu ba.

A daminar da ta wuce, ana tsakiyar maimai, wato noma na biyu, numfashinsa ya sarƙe da hantsi. Ja'afaru ya nemo mota suka nufi Kano. Ya kwana uku da robar iska a hanci, ya cika a rana ta huɗu yana da shekara arba'in da shida. Aka dawo da shi aka binne bayan la'asar, ana yayyafi.

Da Hure ta fita takaba ta aika Ja'afaru ofishin ya ji inda maganar ta kwana. Aka ce tunda mai ita ya rasu an rufe wancan fayil, sai dai matarsa ta zo da takardar mutuwa a buɗe sabo. Ta saurara har ya gama, ta ce, "Yaya, na ji." Wata biyu bayan haka ta ɗauki 'ya'yanta ta koma gidan mahaifinta a Tofa.