Mutuwar da Hajiya Rabi ta ɓoye wa banki

Har yau ban manta da ranar da Ustaz Majid, shugaban sashenmu, ya ajiye min fayil ɗin Malam Sani a kan tebur ba. Lokacin ina shekarata ta biyu a sashen karɓar bashi na wani banki a Jidda, kuma ni kaɗai nake jin Hausa a ofishin.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, idan wanda ya sayi gida da bashin banki ya kasa biyan kuɗin wata, mukan fara da saƙo, sai waya, sai takardar gargaɗi. In ya zo da uzuri, ana iya sake masa jadawali, wato a rage abin da yake biya a tsawaita shekarun. In ya yi shiru, sai a miƙa fayil kotu, ita kuma tana iya sa gidan a gwanjo. Malam Sani ya yi shiru wata biyar. Ustaz Majid ya ce in gwada sau ɗaya, in babu amsa zuwa Alhamis, shi ke nan, sai kotu.

Da na kira, matar Malam Sani, Hajiya Rabi, ce ta ɗauki wayar. Washegari ta zo ofis.

Na ce, "Hajiya, ina jin sai da sa hannunsa za a sake jadawali."

"Ya yi tafiya, ɗana."

"Yaushe zai dawo?"

Ta dube ni ta ce, "Kai ɗan wane gida ne?" Na ce a unguwar Hindawiyya ta nan Jidda aka haife ni. Ashe ta san kakata. Sai ta rage murya ta ce Malam ya je Kano ganin 'yan'uwa, can ya rasu, can aka binne shi. Ba ta kai takardar mutuwar ko'ina ba, don wata maƙwabciya ta ce mata da zarar banki ya ji, za a fitar da ita daga gidan. Ta sayar da awarwaronta ta biya wata uku, daga nan hannunta ya ƙare.

Na san a yarjejeniyar irin wannan bashi akwai inshora, in mai gida ya rasu akan yafe sauran. Amma na san kuma akwai sharuɗɗa, har da sanar da banki a kan lokaci. Ban so in yi mata alkawarin da ba zai cika ba, sai na yi ta cewa wataƙila.

Ta ce, "Kai kuwa ɗana, duk karatun nan naka wataƙila kawai aka koya maka?"

Na shiga wurin Ustaz Majid ina tsoron ya ce yaudara ce. Ya saurare ni, ya ce, "Ta biya mu bayan ya rasu?" Na ce wata uku. Ya ce, "Macuci ba ya sayar da zinarensa ya kawo mana. Dakatar da fayil ɗin, yalla, yi maza."

Mun sha zirga-zirga: takardar asibitin Kano, fassara, hatimin ofishin jakadanci, sannan rajistar mutuwar a nan. Kowace takarda sai na karanta ta sau uku kafin in tura. Bayan azumi amsa ta zo, an yafe.

Na zaci za ta yi murna. Sai ta riƙe takardar ta ce, "Ni aka yafe wa, ko shi? Ba na so Malam ya kwanta da bashi a kabari."

Saura kaɗan in ce wataƙila. Na karɓi takardar na sake dubawa, na nuna mata sunansa da yatsa. "Shi aka yafe wa, Hajiya. Ba a binsa ko riyal ɗaya."

Ta yi hamdala, ta naɗe takardar ta sa a jaka, ta ce in gaida kakata.

Tun ranar, in fayil ya yi shiru ba na saurin cewa mai shi ya gudu. Sau da yawa tsoro ne, ba taurin kai ba. Shi ya sa nake gaya wa sababbin ma'aikata, kafin su tambayi kuɗi, su fara tambaya ko mai gidan yana lafiya.