Katin da Kawu Bube ya zare

Jama'a, yau na rasa muryar Inna karo na biyu!

Kun san 'yar kwamfutar nan tawa, cikinta bai da wuri. Bara wani mai gyara a Isa ya liƙa mata katin memori, ya haɗe shi da ma'ajiyar ciki sunka zama abu guda. Yac ce, "Kada ka kuskura ka zare shi." A ciki na zuba bidiyon Inna duka, har wanda take daka tana waƙa a Kamarawa kafin ta rasu.

Yau na kunna. Wayam! Na duba gefe, ba kati!

Sai ga Kawu Bube ya dawo daga kiwo, rediyo rataye a wuya.

Nic ce, "Kawu, ka ga katina?"

Yac ce, "Ga shi nan cikin rediyo. Na gane shi zaune banza, na kai ma mai caji ya sa min wa'azi. Sai da ya wanke abin da ke ciki tas kafin katin ya karɓa."

Innalillahi!

Na hau babur sai Isa. Mai gyara ya jujjuya kwamfutar, ya girgiza kai. "Ai tunda anka haɗe su, rabin ma'ajiyar na cikin kati. An goge, an zuba wani abu bisa. Ba ni iyawa."

Na dawo na iske Kawu ya ƙure muryar rediyo, malam na ta bayani kan haƙuri.

Wai in zauna in saurara, za ni ƙaru.