Kujerar da Guduma Ya Zaɓa

Guduma bai taɓa gina ko akurkin kaji ba, rushewa ce sana'arsa. In gida ya tsufa, ko wani ya sayi fili yana son ya ɗora sabon abu, shi ake nema. Zai zo ya zagaya ginin sau ɗaya yana ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa, ya tofa yawu a tafin hannu, ya ɗaga ƙatuwar gudumar da ta ba shi suna. Kafin rana ta take, inda mutane suka haifi 'ya'ya suka aurar ya koma tarin ɓaraguzai da rodi a lanƙwashe. Aikin yana yi masa daɗi, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Abokan aikinsa suna cewa in kankare ya tsage har lumshe ido yake yi.

Da a wurin aiki kawai hannun yake tsayawa, da ba a sami abin faɗa ba. Amma ya taɓa karya wa direba muƙamuƙi saboda ya watsa masa ruwan kwata. Ya taɓa ɗaga mai awon yashi ya dasa kansa a cikin yashin. A gida kuwa, 'ya'yansa maza sun koyi gane takunsa tun daga ƙasan bene, kuma kowanne da ya yi gemu ya tattara ya bar garin. Masu son kare shi sukan ce ai haka ubansa ya tashe shi, da mari da ƙafa. Gaskiya ne, amma ƙaninsa ma a ɗakin nan ya tashi, da marin da ƙafar, kuma ko kaza bai taɓa kora da ƙarfi ba.

Matarsa 'yar siririya ce, mai maganar ƙasa-ƙasa, kowa a benen yana ce mata Mama. Shi dai "ke" yake kiranta tun ranar da aka kawo ta. Wata rana, lokacin 'yarsu Auta tana makarantar firamare, ya dawo da rana tsaka ya tarar yarinyar ta ɓarar da man inji a bakin ƙofa. Ya zare bel. Mama ta shiga tsakani, abin da ba ta taɓa yi ba. Ya sa hannu ɗaya ya watsar da ita, ta tafi da baya ta faɗa kan gefen matakalar kankare, ƙugunta ya ba da wata ƙara da shi kansa ya san ta, don a wurin aiki yake jin irinta. A asibiti ta ce santsi ne ya kwashe ta. Shi kuma har yau in abin ya taso masa a rai, cewa yake turewa kawai ya yi.

Daga ranar bai ƙara ɗaga mata hannu ba, a ba shi wannan. Sai dai ita ma daga ranar ba ta ƙara miƙewa sosai ba. Tana tafiya a karkace, hannu ɗaya dafe da kwankwaso, in za ta sauke tukunya sai ta tsaya ta yi shawara da bayanta. Shekaru suka tura, Auta ta yi aure ta buɗe shagon ɗinki a can wani gefen gari, gida ya rage su biyu. Gemun Guduma ya yi fari. Ya zama mutumin da yake zama a bakin gado yana kallon matarsa tana ƙoƙarin ɗaura ɗankwali ba tare da ta ɗaga kafaɗa ba, abin yana cin sa, kuma bai san da wane baki ake faɗin irin wannan ba.

Sau ɗaya ya gwada. Ya sayo man zafi, ya ce ta kwanta ya shafa mata. Ta kwanta, don ba ta saba musa masa ba. Tafinsa bai ma kai ga fatarta ba ya ga bayan ya sandare, ta ɗauke numfashi, yatsunta sun damƙe zanen gado har jijiyoyi sun fito. Ya daɗe da hannu a sama, man yana narkewa yana bin tsintsiyar hannunsa, sannan ya goge a wando ya fita. Abu ɗaya yake so kafin ƙasa ta rufe idon ɗayansu, ya ga ciwon nan ya sassauta ta dalilinsa, ko da na yini ɗaya ne.

A wurin aiki ya ga kujerar. An kira su fasa wani bango a cikin babban kanti, sai ya hango wani mutum a shagon aski ya kishingiɗe cikin wata kujera mai kumbura tana saɓewa, ido a rufe, baki a sake. Ya tambaya, aka ce masa kujerar tausa ce, da lantarki take aiki. Ya tsaya da ƙura a gira yana kallo har aka yi masa magana. Ga hannun da zai tausa Mama, kuma ba nasa ba.

Ranar hutu ya sa rigarsa mai kyau ya tafi layin masu kayan lantarki. Mai shagon wani ɗan gaye ne mai zaƙin baki, ya tare shi da Baba sannu, Baba shigo. Ya fara nuna masa wata mai kama da gadon asibiti, wadda take auna tsawon bayan mutum da kanta. Da Guduma ya ji kuɗinta bai ko tsaya tayi ba, ya ce a kai shi wajen na talakawa. Can ƙuryar shago aka jera masu arha. Mai shagon ya dafa wata ƙarama ruwan toka, ya ce ita ya fi sayarwa, tana ɗumama ƙugu, tana murzawa a hankali, tsofaffi suna son ta. Ya tambaya ko wa za a saya wa. Guduma ya ce ina ruwansa.

Ya zauna a cikinta, ya jira. Ya ƙara jira.

"Kunna mana," ya ce.

"Ai tana aiki, Baba. Tun ɗazu."

To, bayan da ya shekara arba'in yana shan faɗowar bulo, me zai ji? Fatar wurin ta zama kirgi. Shi dai ya ji wani ɗan motsi kamar kyanwa tana gyara kwanciya, sai zuciyar ta taso masa, ya tabbata yaron nan ya ga furfura yana so ya sayar masa da lalatacciya. Bai san lokacin da ya miƙe ba. Ya cakumi wuyan rigar mai shagon ya ɗaga shi har ƙafafunsa suka bar ƙasa, ya manna shi da kwalayen firiji, maɓallan rigar suka watse a kan tayil. Ya tambaye shi ko ya yi masa kama da wanda ake yi wa wasa da hankali. Mai shagon, da idanu a waje, ya nuna wata baƙa da ke bayan ƙofa an lulluɓe ta da leda.

Wannan baƙar ta fi kowacce arha, kuma da dalili. Sau biyu ana sayenta ana dawo da ita, masu saye suna cewa ba tausa take yi ba, dambe take yi. Mai shagon bai faɗi haka ba, wuyansa yake murzawa. Da Guduma ya zauna a ciki, sai ya jona ta, ya danna maɓallin ƙarshe, ya ja da baya. Kujerar ta yi gurnani. Jakunkunan iska suka kumbura suka matse ƙwaurin Guduma da damatsansa, wasu dunƙulallun ƙarafa suka taso daga ciki suka bi gadon bayansa suna nuƙa, sannan suka koma duka, dum dum dum, har haƙoransa suna haɗuwa. Guduma ya saki wani dogon nishi. Rabon da wani abu ya ratsa bayan nan har ya manta.

"Yawwa," ya ce. "Wannan ita ce kujera."

Mai shagon yana da sauran imani, don da ana ɗaure ta ya fara cewa in mai ciwon ƙashin baya ne zai hau, gara a fara jin ta bakin likita. Guduma ya juyo ya dube shi, sai maganar ta maƙale. Haka ya zaɓa wa mace mai cin rabin faranti kujera, da bayansa ya auna, kuma ko sau ɗaya bai kawo a ransa cewa bayan ba iri ɗaya ba ne. Ya fito yana jin kansa kamar wanda ya yi abin kirki na farko a duniya, kuma tsakani da Allah niyyarsa ke nan.

Motar kaya ta sauke ta a ƙofar bene da hantsi. Bai bari kowa ya kama masa ba, ya goya ta ya hau da ita, tana gurzar bango tana zubar da fenti. Maƙwabciyarsu mai gidan ƙasa, wata ma'aikaciyar wanki da guga, ta leƙo ta yi masa barka bai amsa ba. Ya ture teburin falo, ya girke kujerar a tsakiya, ya yage ledar.

Mama ta fito daga kicin tana goge hannu. Ta dubi baƙin abin nan da ya cinye rabin falonta, ta yi godiya, ta yi addu'ar Allah ya ƙara buɗi, ta ce bari ta gama aiki tukuna. Ya ce aikin ya jira. Ta ce ko a bari Auta ta zo ta karanta musu takardar bayanin kujerar. Shi kuwa zumuɗi ya cika shi, kuma bai iya zumuɗi da murya mai laushi ba.

"Ke, zauna."

Ta zauna. Ta shige cikin kujerar kamar yarinya, ƙafafunta da ƙyar suka kai ramin da aka yi musu. Ya ɗauki rimot ya danna maɓallin da ya ga mai shagon ya danna.

Jakunkunan suka kumbura suka kama ta. Ƙarafan suka taso daga kafaɗa suka fara gangarowa. Jikinta gaba ɗaya ya shiga karkarwa, ɗankwalin ya zame, kanta yana bugun matashin. Ba ta yi ƙara ba, ta daɗe da koyon yadda ake shan irin wannan a rufe baki. Ta cije leɓe, ta ƙura wa silin ido. Ya sunkuyo yana murmushi ya tambaye ta ko tana jin daɗi, ta gyaɗa kai, hawaye yana gangara cikin kunnenta. Ya ɗauka na daɗi ne, har ya fara yi mata bayanin yadda ya ƙi yarda a cuce shi da ta banza.

Sai ƙarafan suka iso ƙugu, daidai wurin, suka koma duka.

Ihun da ta yi bai taɓa jin irinsa daga bakinta ba, ko a waccan ranar. Ya daburce. Ya danna wani maɓalli, dukan ya ƙara sauri. Ya danna wani, kujerar ta kwanta da ita baya, ƙafafunta suka yi sama a matse. Ya yi jifa da rimot ɗin ya tarwatse a bango. Ya kama hannunta ya ja, kujerar ta riƙe ƙafafun, ta sake ƙwalla ƙara. Sai ya koma ga abin da ya iya. Ya kai wa hannun kujerar naushi, robar ta fashe ta yanke shi. Ya ƙara, ya ƙara. Ya fizgi wayar, ta fito da soket ɗin da guntun filasta, wuta ta yi tartsatsi, gurnanin ya mutu. Ya sa gwiwa ya ɓalle wurin ƙafafun, iska ta fita da huci, Mama ta sulale ƙasa ta ja jiki da gwiwar hannu.

Nan ya kamata ya tsaya, amma Guduma bai taɓa sanin inda ake tsayawa ba. Ya kifar da kujerar, ya farke bayanta da hannu, ya zaro sandar ƙarfen da dunƙulallun suke gudu a kai, ya shiga rafka mata. Soso ya tashi, kusoshi suka yi ta tsalle, gilashin kabad ya zube. Yana dukan yana zagi, ya zagi kujerar, ya zagi mai shagon, ya zagi wanda ya ƙera ta, jini yana bin yatsunsa yana ɗiga a kan kafet. A waje maƙwabta sun taru a matakala sun yi cirko-cirko. Tsofaffin cikinsu sun san wannan hayaniyar daga gidan nan, kuma sun san ba a shiga.

Da ya ga ba sauran abin fasawa ya juyo yana haki, sandar a hannu. Mama tana lungu tsakanin kabad da bango, ta dunƙule iya yadda bayan ya bar ta, ta rufe kanta da hannu biyu.

"Ka yi haƙuri, maigida," ta ce. "Ba raina ta na yi ba. Ka bari in huta kaɗan, zan sake zama."

Sandar ta faɗi daga hannunsa. Ya buɗe baki zai ce ba da ita yake ba, don ita ya yi, amma abin da ya fito wani gurnani ne da ya sa ta ƙara matsewa. Ya durƙusa, ya miƙa hannu zai ɗaga ta, ta runtse ido ta jira. Ya dubi hannun, jini da soso sun manne a kai.

Ya tashi ya buɗe ƙofa. Mutanen matakala suka ja da baya gaba ɗaya. Ya nemi mai wankin nan da ido, ya yi magana a hankali yadda ba su taɓa jin ya yi ba.

"Don Allah ki shiga ki ɗaga ta. A hankali, ta gefen hagu. Ni ba zan iya ba."

Matar ta raɓa ta gefensa ta shiga, wasu mata biyu suka bi ta, wani ya ce bari ya nemo mota ya kuma kira Auta. Guduma ya sauka 'yan matakala ya zauna, ya cusa hannuwansa tsakanin gwiwoyi. Da aka fito da ita a kan bargo, matakalar ta yi musu ƙunci, sai da ya manne da bango ya juya fuska kafin suka sami hanyar wucewa.