Gayaunar da Na Hana Ɗana

Jikana ne ke rubuta muku wannan, ni nake faɗa, don har yau ban iya karatun Nasara ba. Lokacin da abin ya faru ni magidanci ne a Matameye, manomi mai gandu, kuma ba yabon kai ba, in na yi gyaran murya a zaure kowa sai ya shiga taitayinsa. Nasara bai daɗe da zama a Damagaram ba, aka aiko kowace unguwa ta ba da yaro a kai shi lakwal, wato makarantarsu. Masu wayo suka ɓoye nasu a rumbu. Ni na tsaya jinkiri, aka tafi da ɗana na biyu.

Shekarun farko ban sake masa ba. In ya zo hutun damina kwano ɗaya muke ci, in aike shi, in ja masa kunne idan ya wuce babba bai durƙusa ba. Nakan sa ya karanta mini abin da aka koya masa, ina gyaɗa kai kamar na gane, alhali ko kalma ɗaya ban ji ba. Yaron ya yi ta ƙoƙari, har aka ce da shi malaminsu yake kwatance.

Sai wata ranar kasuwa wani Nasara ya tsaya bisa doki yana tambayar hanyar Kance, babu tafinta kusa. Ɗana ya amsa masa da Faransanci tiryan-tiryan, mutane suka zagaye mu. Wani maƙwabcina mai tsokana ya dafa ni, ya ce to Malam, daga yau sai ka riƙa tuɓe takalmi in za ka gaida ɗan naka. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma maganar ta zauna mini a rai. Na koma gida ina tambayar kaina me ya rage da zan koya masa.

Daga nan na janye. Na daina aikensa, na daina yi masa faɗa, na sa aka ware masa kwanonsa. A al'adarmu in yaro ya kai riƙe hauya sosai, uba yakan yanka masa gayauna, ɗan fili a gefen gandu, abin da ya noma nasa ne, a nan yake sanin an sa shi cikin maza. Da lokacinsa ya zo na tsallake shi na yanka wa ƙanensa, na ce shi ya zauna a inuwa kada hannun alƙalami ya yi kanta. Wallahi girmamawa nake nufi. Uwarsa ta ce mini yaron nan ba baƙo ba ne, ɗanka ne, ka daka masa tsawa ko sau ɗaya. Na ce ta ƙyale ni, ya fi ni sani.

Da sa'o'insa suka ga ubansa ma ya ware shi, suka daina kiransa gayya, suna ce masa ɗan Nasara. Ya zama shiru-shiru. Ba a jima ba aka koro shi daga lakwal, wai ko an tambaye shi ba ya buɗe baki. Da ya dawo ya tsuguna gabana yana jira, ni kuwa kunya da tsoron faɗar abin da ba daidai ba suka rufe mini baki, na ce kawai Allah ya kyauta. Bayan kaka ya bi fatake ya yi Kano.

Sai da ya yi gemu ya dawo ganin gida. Ranar ya gaya mini da gangan ya ƙi karatu, don a kore shi, ko na ɗauke shi ɗa irin sauran in yanka masa gayauna. Ya ce da ya tsuguna gabana fata yake in doke shi. Na yi kuka a gabansa, ban ɓoye ba.

Ina roƙon iyaye, kada ilimin yaro ya sa ku raina kanku. Ba lallai ka iya abin da ke cikin takardarsa ba, amma ka tsaya a matsayinka na uba, ka aike shi, ka gyara masa, ka ci tare da shi. Ni na yanka masa gayaunar daga baya, ya yi godiya da ladabi, bai taɓa sa mata hauya ba. Yakan zo duk sallah da tsaraba, amma a ƙofar zaure yake tsayawa ya yi sallama, sai an ce ya shigo.