Ɓerayen Kejin Hagu

Shekara goma sha tara ya yi yana share kashin ɓeraye a ɗakin gwaje-gwaje, har abokan aiki suka manta sunansa, kowa sai Baban Ɓera. Shi ma bai taɓa musu ba. Yakan ce a gida matarsa tarko take ɗana wa ɓera, shi kuwa a wurin aiki da sikeli yake auna musu abinci, ga fanka, ga mai duba lafiyarsu kowace safiya. "Ni wa ya taɓa tambayar yadda na kwana?"

Aikin da ya tona masa asiri na wata Dakta ne, mace marar yawan magana. Akwai wata allurar kashe ƙwayoyin cuta mai ƙarfi, tana warkarwa amma tana lalata ƙoda. Dakta ta haɗa wani magani da take fatan zai kare ƙodar. Ta raba ɓeraye arba'in gida biyu: duka a yi musu allurar, amma na kejin dama kaɗai za a ɗiga wa maganin a kwalbar ruwan shansu. Na hagu ruwa zalla. Sau biyu ta nanata masa.

Kwana shida, na hagu suka takure a lungu, gashi a tashe, ko kallon abinci ba sa yi. Na dama kuwa sai tsalle-tsalle. Tausayi ya kama Baban Ɓera. Ga magani a firji, taku uku kacal! Sai ya shiga ɗiga wa na hagu su ma, kullum kafin kowa ya iso, yana jin kansa wani babban likita. Suka murmure. Har fito yake yi yana wanke keji.

Ranar da sakamakon gwajin jinin ɓerayen ya fito, ya tarar da Dakta ta zuba wa takarda ido.

"Baba, babu bambanci," ta ce. "Dama da hagu duk ɗaya. Shekara biyu ina haɗa maganin nan, ashe ba ya komai. Zubarwa zan yi."

Baban Ɓera ya so ya yi shiru, bakin ya ƙi.

"Dakta, wallahi yana aiki. Ni ne shaida."

Ya kwashe komai ya faɗa mata, kansa a ƙasa. Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi masa ciwo. Cewa kawai ta yi, in ba a ga na hagu suna ciwo ba, babu wanda zai yarda maganin ne ya tsare na dama. Dole a sake daga farko.

Har gobe in ana hira shi yake fara kawo labarin, ya ce shi ne babban likitan da ya warkar da bincike har ya kashe shi. A yi ta dariya, shi ma ya yi. Abin da ba ya faɗa shi ne safiyar da aka kawo sababbin ɓeraye arba'in a kwali, ƙanana, lafiyarsu lau. Dakta ta miƙa masa alƙalami ta ce ya zaɓi ashirin ɗin da za su tafi hagu.